Shekarar Hidima da Kalmominta: Daga Unguwannin Turai zuwa Ƙasar Matameye

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu bi diddigin wani tsari da majami'un Kirista na Turai da Amurka suka raya a ƙarni na 20. Tsarin shi ne matashi ko matashiya ya ware shekara guda cur, galibi bayan kammala karatu, ya koma zama a wata unguwar talakawa ta birni, yana yi wa mutanenta aiki ba tare da albashi ba. A nan za mu kira shi "shekarar hidima". Tambayoyin da muka sa a gaba uku ne: ta wace hanya wannan ra'ayi ya iso ƙasar Hausa ta Nijar, da wane suna ya iso, kuma me ya same shi bayan ya iso?

Wurin da muka zaɓa shi ne Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Nijeriya wajen Daura da Kano. Mai karatu na iya yin mamakin wannan zaɓi. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, kuma ba a san Matameye da gidajen matasa masu hidimar majami'a ba. Dalilinmu shi ne, a shekarun 1960 ƙasar Matameye na cikin wuraren farko da gwamnati ta gwada wani tsari wanda saiwarsa ke cikin tunanin wasu ƴan Katolika na Faransa. Wato ra'ayin ya shigo, amma ya tuɓe rigar addini tun a bakin ƙofa.

Za mu haɗa tarihi da nazarin kalmomi, domin sunan da jama'a suka ba wani aiki yakan tona yadda suka fahimce shi. Abin da muke son nunawa shi ne, shekarar hidima tana tsaye a kan sharuɗɗa uku, kuma duk lokacin da ta iso wannan yanki sai ta bar ɗaya daga cikinsu a hanya.

2. Asalin tsarin da sharuɗɗansa

Tushen tsarin yana Ingila. A shekarar 1884 wani limamin Anglikan mai suna Samuel Barnett, tare da matarsa Henrietta, ya buɗe gidan Toynbee Hall a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan, inda ƴan ƙwadago da baƙin da suka yi ƙaura daga gabashin Turai ke cunkushe. Sabon abin da ya kawo shi ne zama. Maimakon mai hali ya aiko da sadaka daga nesa, sai waɗanda suka gama jami'o'in Oxford da Cambridge su zo su kwana su tashi a unguwar, su koyar da darussan dare, su san maƙwabta da sunayensu. Jane Addams ta ziyarci wannan gida, ta koma Amurka ta buɗe Hull House a Shikago a 1889.

Shi kuwa wa'adi, yaƙi ne ya haife shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin samari 12,000 na Amurka, da yawansu ƴan majami'un Mennonite da Brethren da Quaker, suka ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙida. Gwamnati ta yarda su biya bashin aikin soja da wani aiki, a gandun daji ko a asibitocin masu taɓin hankali. Da yaƙi ya ƙare, majami'un suka riƙe tsarin ba tare da tilas ba: a 1948 majami'ar Brethren ta kafa hidimar sa kai ta matasanta. A Jamus, a 1954, Hermann Dietzfelbinger, shugaban cibiyar jinya ta ƴan Lutheran a Neuendettelsau, ya yi kira ga ƴan mata su ba da shekara guda ta rayuwarsu, domin gidajen jinya na fama da ƙarancin ma'aikata. Bayan shekara goma, a 1964, majalisar Jamus ta Yamma ta yi wa tsarin doka, ya zama na ƙasa baki ɗaya. A wajen ƴan Katolika, ƙungiyar Jesuit Volunteer Corps ta samo asali daga wata makaranta a Alaska a 1956. A 1997 aka kafa Mission Year a Filadelfiya, wadda ta haɗa tunanin Toynbee Hall da wa'adin shekara: matasa ƴan kaɗan a gida ɗaya, da ɗan kuɗin cefane, suna aiki a makarantu da cibiyoyin unguwa, suna ibada a majami'ar unguwar.

Daga wannan tarihi muna iya fitar da sharuɗɗa uku. Na farko shi ne wa'adi: an san ranar shiga, an san ranar fita. Na biyu shi ne zama tare da waɗanda ake yi wa hidimar. Na uku shi ne ra'ayin kai: ba wanda ya tilasta, kuma ba albashi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ya ɗauki sauran ukun. Mai ba da shekara sai yana da shekarar da zai bayar, ma'ana iyayensa ba su jiran hatsinsa ko kuɗinsa, kuma yana da tabbacin samun aiki in ya dawo. Za mu koma kan wannan a ƙarshe.

3. Mishan a ƙasar Damagaram: hidima ba wa'adi

Kiristanci ya shigo wannan yanki ta hannun ƙungiyar SIM, wadda ta faro a 1893 da tafiyar Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent zuwa Legas. Ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Zinder a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. Daga baya aka sami asibitin Galmi a 1950 da asibitin kutare na Danja a 1956, da wata tasha a Dungas, gabas da Magarya. Ƴan Katolika kuwa sun zauna a Yamai a 1931, kafin su iso Zinder. Ma'aikatan SIM masu jin Ingilishi ne, suna aiki da Hausa, abin da ya sa hukumar mulkin mallaka ta riƙa kallon su da zargi, musamman da yake dokar 1922 ta wajabta koyarwa da Faransanci a makarantu masu zaman kansu na Afirka ta Yamma ta Faransa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane ba shekara suka zo bayarwa ba. Ɗan mishan na wancan zamani yakan zo ne da niyyar tsufa a bakin aiki: ya yi shekaru, ya je hutu gida, ya dawo. Yana da lokacin koyon harshe har ya yi wa'azi da shi. Amma yawancin tashoshin an gina su a gefen gari, da shinge, da irin abincinsu. Ke nan akwai ra'ayin kai, babu wa'adi, shi kuma zama rabi ne. Waɗanda suka cika sharaɗin zama su ne Hausawa masu bishara da aka horar a makarantun Littafi Mai Tsarki, aka tura su ƙauyuka suna noma gonakinsu kamar kowa. Su ne suka zama ginshiƙin majami'ar EERN da aka kafa a lokacin samun ƴancin kai. Su ma ba a yanka musu wa'adi ba.

Ta fuskar harshe, gadon wannan zamani yana da muhimmanci. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a 1932, wadda Walter Miller na Zariya ya yi wa babban aiki, ta ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya shuka a cikin harshen: Allah, addu'a, sadaka, annabi. Mabiyan Yesu goma sha biyu kuwa aka kira su almajirai. Wannan zaɓi ya dace, domin almajirci shi ne tsarin da Bahaushe ya sani na yaro ko saurayi da ke barin gida don Allah, ya je ya zauna a unguwar wani gari, yana yi wa malaminsa aiki. Sai dai alƙiblar ta sha bamban. A shekarar hidima, baƙo ne ke kawo wa unguwa taimako. A almajirci, unguwa ce ke ciyar da baƙo, kuma ita ke neman ladar. Ba a ƙirga masa watanni. Sauka ce ke sallamar sa.

4. Ƙofar animasiyo: Matameye a shekarun 1960

Hanyar da ta fi tasiri a Matameye ba ta bi ta majami'a ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu limaman Katolika na Faransa sun maida hankali ga talauci. Abbé Pierre ya kafa ƙungiyar Emmaüs a 1949, ya yi shahararren kiransa ta rediyo a sanyin 1954 saboda marasa muhalli na Faris. Fada Louis-Joseph Lebret, wanda ya kafa Économie et Humanisme, ya yi ta koyar da cewa ci gaba dole ya taso daga ƙasa, daga mutanen da abin ya shafa. Tunaninsa ya shiga wasiƙar Fafaroma Paul na Shida ta 1967 kan ci gaban al'ummai. Daga cikin matasan da ke kewaye da Abbé Pierre aka kafa cibiyar IRAM a 1957. Ta fara aiki a Maroko, sannan Senegal a zamanin Mamadou Dia, sannan Madagaska da Nijar. Tsarin da ta kawo shi ne wanda ake kira da Faransanci animation rurale, mu kuma za mu ce animasiyo, wato farfaɗo da karkara.

Gwamnatin Diori Hamani ta karɓi tsarin a farkon shekarun 1960, kuma Matameye na cikin yankunan da aka fara da su. Dalilan a fili suke. Ƙasar cike take da mutane, kuma tana tsakiyar yankin gyaɗa, wadda ake kira gujiya a nan, a lokacin da ita ce kan gaba a abin da Nijar ke sayarwa waje. Har masana'antar matsar mai akwai a garin. A 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, da UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. Akwai kuma dalilin siyasa: kudancin Damagaram na cikin wuraren da jam'iyyar Sawaba, wadda aka haramta a 1959, ke da magoya baya, kuma a 1964 mayaƙanta suka tsallako daga iyakoki da makamai. Gwamnati na bukatar kunne da baki a kowane ƙauye.

Yadda tsarin yake a takarda shi ne: kowane ƙauye ya zaɓi ƴan samari ko magidanta daga cikinsa, a kai su horo na ƴan kwanaki, su dawo su zama gada tsakanin manoma da ma'aikatan gwamnati. Ba a biyan su. Daga baya aka ƙara da mata. Daga tsakiyar shekarun 1960, a yankunan Matameye da Magarya, aka gwada kasuwannin gyaɗa da manoma ke gudanarwa da kansu, su ne masu awo, su ne masu rubutu. Guy Belloncle da Dominique Gentil na cikin waɗanda suka yi wannan aiki suka kuma yi rubutu a kansa. In mun auna da sharuɗɗanmu, zama ya cika fiye da na Toynbee Hall, tun da mai hidimar ɗan gari ne. Rashin albashi ma ya cika. Wa'adi ne babu, ra'ayin kai kuwa shi ne ya zama abin tambaya.

Masu bincike biyu sun taimaka mana mu gane dalili. Guy Nicolas ya yi nazari a kanton Kance a farkon shekarun 1960 kan yadda dukiya ke zagayawa ta hanyar biki da kyauta. Ya nuna cewa kyauta a nan igiya ce: wanda ya karɓa ya ɗauki nauyin ramawa, kuma tsakanin babba da ƙarami ita ce ke ƙulla zumuncin ubangida da bara. Robert Charlick, masanin siyasa ɗan Amurka, ya yi bincikensa a ƙauyukan Matameye kan animasiyo kanta, ya ga cewa shigar manoma cikin tsarin ta bi waɗannan tsofaffin igiyoyi, kuma hukuma da jam'iyya sun fi amfani da shi wajen saukar da umarni bisa ga sauraron ƙorafi. In mun haɗa su biyun, za mu fahimci tambayar da manomi zai yi in ya ga saurayi na aiki kyauta: baran wa ne? In an ce ba baran kowa ba ne, ba zai yarda ba, kuma tarihi ya ba shi hujja. Aikin tilas na mulkin mallaka, wanda shi ma ba a biya, sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke shi da dokar Houphouët-Boigny, wato ƙasa da shekara ashirin kafin zuwan animasiyo. Waɗanda suka ɗauki kaya a ka suka fasa dutsen hanya suna raye, su ne dattawan da aka ce su zaɓi wakilai.

Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya tattalin arzikin da aka ɗora tsarin a kai. Aikin raya karkara na 3M, wato Mirya da Magarya da Matameye, wanda asusun Turai ya ɗauki nauyi a waɗannan shekaru, ya fi dogara ga ma'aikata masu albashi da kayan aikin gona.

5. Baƙi masu wa'adi da matasan da aka kira

Wa'adi ya iso ne da wasu baƙi. A 1961 John Kennedy ya kafa Peace Corps, wadda ta ari abubuwa da dama daga hidimar majami'un da muka ambata, ta cire wa'azi. Rukunin farko ya sauka Nijar a 1962, kuma kafin 2011 sama da matasa 3,000 sun yi aiki a ƙasar, da yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wa'adinsu shekara biyu ne. Suna koyon Hausa, a raɗa musu sunan Hausa, su zauna a ɗakin ƙasa cikin gari. Faransa ta kafa ƙungiyar AFVP a 1963, kuma dokar 1965 ta ba samarinta damar musanya aikin soja da aikin haɗin gwiwa a ƙasashen waje. A 1967 majami'ar Katolika ta Faransa ta kafa DCC don tura irin waɗannan samari makarantu da asibitocin mishan. Ƙungiyar Kirista ta EIRENE, wadda aka kafa a 1957, ta fara aiki a Nijar a 1973, lokacin fari. Waɗannan su ne suka fi kusa da cika sharuɗɗan uku. Amma dukkansu daga waje suke, kuma ba su bar wani tsari da ɗan Matameye zai shiga ya yi irin abin da suka yi ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne.

Ga matasan ƙasa kuwa, gwamnati ce ta yi kira. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa mai sarkin samari, ya kafa ta a kowane ƙauye da kowace unguwa. Samariya ta gina ɗakunan lakwal, ta share tituna, ta dasa itatuwa, ta yi wasanni a bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976. Ayyukanta na nan ana gani. Sai dai kiran daga sama yake zuwa, ta hannun hukuma da sarakuna, kuma ƙin fita na da sakamako. Da Taron Ƙasa na 1991 ya rushe tsarin jam'iyya ɗaya, samariya ta bi shi, fada ta maye gurbinta a bakin tituna. Ga masu digiri kuma akwai service civique, shekara biyu, galibi a aji ko a ofis, wanda ya zama ƙofar shiga aikin gwamnati. A nan wa'adi ya cika, ra'ayin kai ya fita.

Tsallaken iyaka, wanda daga Matameye tafiyar ƴan mintoci ce a mota, an ga wani abu daban. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa NYSC a 1973: shekara guda, a wata jiha ba ta mutum ba. Shi ma dole ne. Amma matasa Kirista daga kudu da aka turo arewa sun cusa niyyarsu cikin wa'adin gwamnati. A 1975 wasu daga cikinsu, har da Bayo Famonure wanda ya yi nasa aikin a Zariya, suka kafa ƙungiyar Calvary Ministries, wadda aka fi sani da CAPRO. Wannan shi ne misali mafi kusa na shekarar hidimar Kirista a ƙasar Hausa, kuma abin lura ne cewa gwamnati ce ta samar da shekarar, ta biya alawus, majami'a ta zuba mata ma'ana.

6. Abin da kalmomi ke faɗa

Hausawan Nijeriya sun fara kiran wancan tsari "bautar ƙasa". A yau kafofin labarai da dama sun fi son "yi wa ƙasa hidima". Wannan sauyi ya cancanci nazari. "Bauta" da "bawa" tushensu ɗaya, kamar yadda kalmar ibada ta fito daga saiwar Larabci da ta ba da abd, wato bawa, kuma kamar yadda service ta Faransanci ta fito daga servus ta Latin, shi ma bawa. Harsunan uku duk sun ɗaure hidima da bauta. Bambancin shi ne, a Faransanci an manta da asalin, a Hausa kuwa kunne na jin sa. Musulmi da Kirista duk suna cewa Allah kaɗai ake bauta wa. Ban da wannan, a ƙasar da daular Damagaram ta yi cinikin bayi a ƙarni na 19, kuma sai a 2003 dokar Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuffuka, kalmar na da nauyin da ba a wasa da shi.

"Hidima" daga Larabci take, kuma ta fi laushi. Amma a bakin jama'a ta fi nufin ɗawainiyar da mutum ke yi wa nasa: hidimar gida, hidimar biki, hidimar baƙi. Wanda ya yi maka hidimar biki, ranar nasa za ka tashi. "Gayya" aikin taro ne ba da kuɗi ba, amma mai gona ne ke kira, shi ke ciyarwa, yini ɗaya ne, kuma ana ramawa. "Barantaka" na da tsawon lokaci da zama tare, amma tana da ubangida, wanda ake sa ran zai yi wa baransa aure ko ya ba shi jari. Wadda ta fi kusa da volontaire ita ce "sa kai". Ita ma tarihi ya ja ta wani wuri: a Zamfara da Katsina, tun shekarun 2010, in an ce "ƴan sa kai" masu ɗaukar makami don tsaron ƙauye ake nufi. Ita kanta volontaire, daga ƙarshen shekarun 1990, ta zama a Nijar sunan malamin lakwal da aka ɗauka da ɗan abin da bai kai albashi ba, wanda daga baya aka koma kira ɗan kwantaragi. Sa kansa bai wuce rashin wani aikin ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan jeri. Na ɗaya, babu kalma ko guda da ke ɗauke da ma'anar shekara. Lokacin aikin taimako a Hausa ko dai yini ne, ko damina, ko kuma ba iyaka. Na biyu, kowace kalma na nuna wanda ake yi wa aikin da abin da zai biyo baya, ko ramuwa ko lada. Aikin da ba shi da mai shi, harshen bai tanadar masa suna ba. Mafi kusa shi ne a ce an yi "don Allah", wanda ke maida Allah ubangidan aikin. A nan ne tunanin Kirista na asali da tunanin Musulmin Matameye suka haɗu, kuma abin da animasiyo ta cire ke nan lokacin da ta maida tsarin na gwamnati.

7. Kammalawa

Zamanin baƙi masu wa'adi ya ja baya. A Janairu 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai da kashe su, Peace Corps ta kwashe matasanta daga Nijar. Ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Zinder, washegari aka yi haka a Yamai. An rasa rayuka kimanin goma. Rahotannin lokacin sun ambaci Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Irin wannan maƙwabtaka shekaru ne ke gina ta, kuma a cikin sharuɗɗan uku ita ce shaidar cewa zama ya fi sauran daraja.

Mun ce za mu koma kan tambayar wanda ke da shekarar bayarwa. Gundumar Kance, mai mutane kusan 400,000 a ƙidayar 2012, na cikin mafi cunkoso a Nijar, gonaki sun tsuke. Matasanta suna ba da watanni da shekaru ga unguwannin birane tun da daɗewa: Kano, Zinder, Agadas, Tamanrasat. Suna ga-ruwa, suna dako, suna wanki. Sunan wannan cin rani, ba wanda ya kira shi hidima, alhali gidaje da yawa da shi suke kai wa ga girbi. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga wannan gunduma, a hanyarsu ta zuwa Aljeriya. Shekarar saurayin Matameye an riga an ci bashinta kafin ta kama.

Saboda haka duk wanda ke son kafa hidimar matasa a wannan yanki, majami'a ce ko ƙungiyar Musulmi ko hukuma, tarihin da muka bi ya bar masa tambayoyi huɗu. Wa zai maye gurbin saurayin a gandu da damina, ko kuwa za a auna wa'adin da rani, daga girbi zuwa shuka, kamar yadda jama'a suka saba? Wa zai biya gidansu abin da cin rani ke kawowa? Wane maigida ne a unguwar zai sauke shi, ya amsa tambaya a kansa? Kuma su wa suka nemi aikin, mutanen unguwa ko masu kawo shi? Unguwanni irin Kara-Kara ta Zinder, wadda aka fara kafawa don kutare, wadda kuma Aïcha Macky ta nuna rayuwar samarinta a fim ɗinta na 2021, ba su rasa matasa masu ƙarfi da lokaci ba. A aiki na gaba muna da niyyar tattara kalmomin da ƴan fada na Matameye da Zinder ke amfani da su ga ayyukan da suke yi wa unguwanninsu, kamar yashe lambatu da gyaran maƙabarta, mu ga wace ce daga cikin tsofaffin kalmomin nan suka riƙe, wace ce kuma suka ƙirƙiro.